Aladiyata Ta Yi Ƙiba Bisa Umarni

Jiya da safe na loda aladiyata a keke mai ƙafa uku, na kai ta gidan barbara na garinmu. Karo na uku ke nan, ciki ya ƙi shiga. Matata Shufen ta riga ta yanke hukunci: in wannan karon ma babu, kafin Sabuwar Shekara za ta sa a yanka ta, ta rataye naman a hayaƙi. Dabbar da ta haifa mana goma sha huɗu a haihuwa guda!

Na tarar da ƙofa a kulle. Jami'an gidan, Masu Girma Iyayen Kiwo, sun tafi taro a kan hanjin alade, a otal, da abinci kala goma sha biyu. Maƙwabcina Tsoho Kuang na zaune a layi da tasa aladiyar. Ya kira ni da sunana, wato Dai.

"Dai, ka kawo mai lambar yabo?"

Bai yi ƙarya ba. Bara Iyayen Kiwon ne suka hana mu ba aladu ganyen dankali, wai abin ƙauye ne, suka ce masara zalla. Na bi umarni. Aladiyata ta yi ƙiba har ba ta iya juyawa, suka ɗaura mata jan ƙyalle, aka yi hoto.

Da la'asar wani Mai Girma ya dawo yana sakace. Ya zagaya aladiyata, ya ce, "Dattijo, kitse ya toshe ta. Akwai ƙananan halittu masu amfani a hanjinta, ka bar su da yunwa. Su ke gyara jiki har ciki ya zauna. Dusa suke so, da ganyen dankali. Sabon bincike ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kakata ma ta yi binciken."

"A wace jami'a?"

Kuang ya ce, "Bayan ɗaki."

Na tambayi inda zan samu ganyen, tunda gonakin dankalin bakin titi su suka sa aka tuge, aka shuka furanni saboda manyan baƙi. Ya ce za a kafa kwamiti. Ita kuwa aladiya kwana biyu kawai take karɓar namiji, ba ta san kwamiti ba. Wanda ya ɗaure kura dai shi ya san yadda zai kwance ta.

Muna cikin haka aladiyar ta sauko daga keken da kanta, ta cinye furannin ƙofar ofis kaf, daga ganye har saiwa. Na kai wa Shufen labari, ta ƙara mata sati uku.

Aladiyar nan kaɗai na taɓa gani ta aiwatar da shawarar taro a ranar da aka yanke ta.