Darasin Turancin da Na Ba Matata

Lokacin da matata Rabi take shirin jarrabawar shiga kwaleji, na tarar da ita a tsakar gida tana fama da tambayoyin Turanci, irin waɗanda ake cewa a zaɓi cikakkiyar jimla. Na gyara zama, na ce ta miƙo, ai ni na yi sakandare a Bakura.

"Sirrin guda ne," na ce. "Wadda ta fi tsawo ita ce cikakkiya."

Washegari a wurin darasi a Talata Mafara, ta zaɓi wata doguwar jimla da ta fara da "because" ta tsaya ba ta ƙarasa zance ba. Malamar ta tambaye ta dalili. Rabi ta miƙe cikin alfahari ta ce, "Maigidana ne ya koya mini."

An ce har 'yan aji na gaba sai da suka leƙo.

Ta ci jarrabawarta, alhamdulillahi, ba da taimakona ba. Amma har yau in na fara dogon bayani a gida, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, tsawo ya isa, saura ma'ana."