Sunan Jakin Gwaggo Tattasai

"Lafiya lau, Iya. Ya gajiyar jiya?"

"Gajiya ta bi lafiya. Ya iyali? Au, na manta, tuzuru ba ya da iyali."

"Ga ki zaune, matata, wane iyali kuma kike tambaya?"

"Allah ya tsare ni. Na ƙi ka tun kana cikin zanen goyo."

Surajo ya ɗan saki jiki. Tunda ta tanka, da sauran magana. Da hantsi ya taso daga Batsari a babur, kwamfuta a goye, ya nufo Tsaskiya wurin Iya Dije, kakarsa ta wajen uwa. Wasan barkwanci yake haɗawa na katun, zanen nan mai motsi da magana. Tauraruwar wasan Gwaggo Tattasai ce, tsohuwa mai sayar da daddawa wadda ba ta da abokin faɗa sai jakinta. Wata tashar talabijin ta karɓi wasan, amma 'yan mata bakwai da suka gwada muryar tsufa duk aka ce ba su yi ba. Sai da ya kunna musu muryar Iya Dije tana yi wa kajin maƙwabta masifa, suka ce wannan ce, in ba ita ba a bar maganar. Ranar Litinin suke son kashi na farko.

Jiya ya jingina katifu a bango saboda ƙarar waje, ya maƙala mata abin ji a kunne, yana faɗin magana tana maimaitawa da nata salon. Ana tsakiyar aiki ta zare abin, ta shige ɗaki ta ja ƙyaure. Ko sallamarsa ba ta amsa ba.

"Iya, hancin Gwaggo ne ya ɓata miki rai? Wallahi zan rage shi."

"Ina ruwana? Hancin dangin ubanka ne ka zana, kamar an taka gauta."

"To haƙorin? Ɗaya na ba ta. Ke kuwa na ƙirga, uku gare ki, biyu na lilo."

"Ukun nan su suka cinye naman sunanka. Kuma za su ci na bikinka, in Allah ya kawo wadda ba ta gani sosai."

"Kishi ne kawai. To don Allah me na yi?"

"Mi ka ce in ce wa jakin?"

"Cewa na yi, 'Tashi, Badamasi, jakin ban...'"

"Rufa mani baki!"

Takalmin roba ya wuce ta gefen kunnensa ya daki randa.

"Kai ja'iri, uwarka 'yar wa ce?"

"'Yar Malam na Darini mana, Allah ya jiƙansa."

"Amin. To da Malam aka yanka masa rago?"

Surajo ya shiga lalube a ransa. Kakan nasa ya rasu tun ba a haife shi ba. Iya ta ce Malam, mahaifiyarsa ta ce Baba, mutanen gari su ce na Darini. Bai taɓa jin wani ya wuce nan ba.

"Ba dai..."

"Shi fa. Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa kama sunansa ba, ko a mafarki. Ya kwanta dama, ban kama ba. Sai yanzu ɗan jikana zai sa ni in kira shi jaki a talabijin, danginsa na Darini na zaune na kallo?"

"Innalillahi! Ai laifinku ne. Kun ɓoye sunan bawan Allah kamar tsokar ƙasan tukunya, ni a ina zan ji? Wallahi sunan mai facin tayata na ara, don ya taɓa sa ni tura babur har Safana."

"To ka mayar masa da abinsa."

"Nan matsalar take. An riga an zana bakin Gwaggo. Duk inda ta kira jakin, leɓenta yana motsi ne daidai da sunan. Wuri arba'in da ɗaya, Iya. In na ce zan sake zanawa, Litinin ta wuce, tasha ta ba wani gurbin."

"Sai ka kama fartanya. Gonarmu ta ƙauyen Babban Duhu na neman mai nome ta."

"Ke kuma ki koma yi wa kaji wasa a banza, ba wanda zai san ki."

"Kaji sun fi ka ladabi. Ba wadda ta taɓa zagin mijina."

"Mijinki na da. Na yanzu ga shi gabanki zai tsiyace."

Ya faɗe ta da wasa, amma muryar ba ta fita da wasa ba. Ya sunkuyar da kai yana murza igiyar kwamfuta.

"Shekara biyu nake kan abin nan, Iya."

Ta dube shi, ta gyara zama.

"Buɗe akwatin tsiyar in ga jakin. Amma ka kashe masa murya."

Ya buɗe. Ga jaki kwance a inuwar bishiyar bedi, kunne ɗaya a tsaye ɗaya ya faɗi, Gwaggo Tattasai na zagaye shi da muciya, shi kuwa sai hamma yake.

"Lahaula! Wallahi kai ne. Haka kake kwanciya in an ce a ɗebo ruwa. Dubi leɓen!"

"Leɓen gado ne, daga wajen uwa."

Dariya ta ƙwace mata. Ta ja bakin mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa.

"Tsaya! Iya, kada ki motsa!"

Ya zaro waya ya ɗauke ta hoto.

"Ka haukace?"

"Na warke! Kin ga yadda kika yi? Haka Gwaggo za ta riƙa yi. Duk sanda za ta kira jakin, sai ta ja mayafi ta rufe baki. Ga masifa ga kunya. Zane ɗaya tak zan yi, in liƙa shi duk wuraren. Baki a rufe, kowane suna kika faɗa ya zauna. Kafin la'asar na gama!"

"Ashe kan nan ba don hula kaɗai aka yi shi ba."

"Alhamdulillahi. Saura suna. Mu ce Mani."

"Ɗan farina? Ka taɓa ji na kira kawunka?"

"Lado fa?"

"Wan Malam ne."

"Yero."

"Mai kawo mana nono? So kake ya daina?"

"Haba tsohuwa! Duk Safana da Batsari kin yi musu kunya. To wa ya rage da bakinki zai iya kira?"

Ta dube shi tun daga hula har takalmi.

"Kai."

"Ni? Mijinki guda? Ina kunyar?"

"Mijin da bai taɓa kawo cefane ba? Ba kunya tsakaninmu."

"Sunana fa zai fito a ƙarshen wasa. A ce Surajo ya zana, Surajo ne jaki?"

"Ka ga an huta neman wani. Ko ka yarda, ko ka tafi da katifunka."

Ya dubi jakin, ya dubi tsohuwa, ya tuna Litinin.

"Na yarda. Allah ya isa, amma na yarda."

Suka shiga ɗakin katifu. Ya maƙala mata abin ji, ya matso da makirfo kusa da bakinta, ya juya yana daidaita ƙara. Bai ce ta fara ba, ta ja numfashi ta kwarara kira irin wanda ke ƙetare katanga biyu.

"Surajo!"

"Na'am, Iya!"

Sai da ya faɗa ya ga jan haske na ƙiftawa. Na'urar ta ɗauka.

Iya Dije ta kwanta jikin katifa tana dariya har da hawaye.

"Jakin ma ya amsa! In ka goge na fasa."

"Ba zan goge ba," in ji Surajo, shi ma yana dariya. "Kin ci, matata."

"Dama. Miƙa hannu bayan ƙyaure, akwai fura. Tun da safe na dama maka, na san za ka dawo."