Rasuwar Gwaggo ta Ɗakin Gwaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, mai gwajin bidiyo na wannan kamfani, wanda abokan aiki ke kira Ɗan Gwaggo, yake sanar da rasuwar tsohuwar kwamfutarsa, Gwaggo. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a kan teburinta, a ɗakin nan na ƙarƙashin matakala da ba shi da taga.

Ga wanda bai san aikin marigayiya ba: kafin shafin intanet ya saki bidiyo, yakan tambayi burauza, wato manhajar buɗe shafuka, ko za ta iya kunna irinsa. Burauzar Gwaggo kuwa akwai kawaici. Tun da take ba ta taɓa cewa e kai tsaye ba. Ko ta yi gum, ko ta ce wataƙila, in ranta ya yi fari ta ce da alama. Sau tari ta ce wataƙila, a miƙa mata bidiyon, ta fito da murya babu hoto. Da yake abokan cinikin kamfani da yawa irinta suke riƙe da ita, dole wani ya zauna gabanta ya gani da idonsa. Ɗan Gwaggo aka zaunar, aka ce na ɗan lokaci ne. A ɗakin furfura ta same shi.

An shaidi marigayiya da haƙuri da rashin gaggawa. Da safe takan gaishe shi da "ƙit, ƙit, ƙit", in aiki ya yi nauyi fankarta ta ja dogon "fuuu". Gefenta kan ɗumama masa kofin shayi, ba ta taɓa yi masa gori ba.

A saman bene ne ake tsara sabuwar hanyar tambaya, wadda za ta sa kowace na'ura ta faɗi gaskiya: tana iyawa, ba ta iyawa, ko za ta iya amma da sarƙewa. Can ran Ɗan Gwaggo yake. Duk sanda ya nemi a mayar da shi, manaja kan dafa kafaɗarsa ya ce ai ba a barin tsohuwa ita kaɗai, ranar da ta kwanta dama kujerarsa na jiransa. Da wani ne, da ya bar ƙura ta gama da ita. Shi kuwa ya sake mata fanka, ya naɗe cajarta da salatif, yana hure mata ciki kamar mai hura gawayi. Matarsa ta sha faɗa masa ba ta taɓa ganin fursuna mai yi wa gidan yari yaɓe ba sai shi. Ya san gaskiya ta faɗa, amma yana son Gwaggo, ya kasa zuba mata ido.

Jinyar ƙarshe ta fara da zazzaɓi, sai allo ya koma shuɗi. Mai gyara ya buɗe ta, ya sunsuna, ya ce sai haƙuri. Ɗan Gwaggo ya yi kuka na gaske, kuma cikin kukan ya ji wani sanyi a ransa da ya ba shi kunya.

Washegari ya goge rigarsa ya hau bene. Manaja ya yi masa gaisuwa, ya yaba riƙon amanarsa, sannan ya ce kujerar tun bara aka ba wani, don aiki ba ya jira. Ya ƙara da cewa tunda babu mai hannun kula da tsofaffi kamarsa, an tattaro tsofaffin wayoyin duk rassan kamfani an sauke masa. Haka Ɗan Gwaggo ya dafa dutse, wani ya sha romon.

Marigayiya ta bar caja ɗaya, da linzami mai ciwon ƙafa, da dangi kwali-kwali da ba a san da su ba sai bayan rasuwarta.

Za a kai ta sito ranar Alhamis bayan tashi aiki. Ana karɓar gaisuwa a ɗakin gwaji. Masu zuwa su yi haƙuri su tsaya daga waje su ɗaga murya, don kwalayen sun tare ƙofa, ba ta buɗuwa sosai. Mai makokin yana ciki, yana jinku.