Ranar da Na Yi wa Mijin Wata Kuka

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da jikata Safiya ta kai ni kallon zane-zane a makarantarsu, nan Azare. Lokacin Malam, mijina, bai shekara da rasuwa ba, kuma har yau in aka ambace shi sai na share hawaye. Ta ce, "Kaka, hoton Malam na zana, kuma da shi za a ba ni maki. Ki zo malaminmu ya ga ko za ki gane shi."

Muna shiga ta tafi neman malamin. Ni kuwa na ga ikon Allah. Wani ya lilliƙa ledojin ruwa a allo, wata ta watsa fenti kamar kaji sun yi dambe a ciki, ga saniya ta tsofaffin ƙarafan babur. (Na ɗauka ba a gama shara ba.) Can a kusurwa sai ga zanen wani dattijo da farin gemu da hula zanna, yana murmushi. Idona dama ya yi rauni. Na matsa gabansa na fashe da kuka.

"Malam! Haka ka tafi ka bar ni?"

Na shafa fuskar da bakin mayafina. Na ce na yafe masa komai, har munsharin da ya hana ni barci shekara da shekaru, har akuyata da ya sayar a kasuwar Gadau ban sani ba. Jama'a suka kewaye ni, wasu sun ɗaga waya.

Sai wata mata ta dafa ni. "Baiwar Allah, yi haƙuri, mijina ne. Ɗanmu ya zana shi. Ga shi nan ma tsaye."

Na waiga. Gemun nan, hular nan, da ransa! Ya ce, "Hajiya, akuyar dai ba ni ba ne. Munsharin kuwa, tambayi wannan."

Safiya ta ja ni gaban nata zanen, malamin na biye. Shuɗin fenti ne da baƙaƙen da'ira biyu, ba ido ba hanci. Na daɗe ina kallo. Sai na ga shuɗin ya karkata hagu, yadda Malam ke karkacewa a kan kekensa in iska ta cika masa riga. Na ce, "Shi ne, zai tafi gona." Na so in yi kuka, amma hawayen duk na ƙarar wa mijin mutane.

Safiya ta ci jarrabawarta. Ni kuma yanzu, kafin in saki kuka a gaban zane, sai na tambaya mijin wace ce.