Sha, Shafa, Shaƙa

"…lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Yaya masu kashe mazansu?"

"Suna gaishe ka. Sun ce in zo in duba ko aiki ya kammala, ashe da sauran numfashi."

"Da saura mai yawa. Tsaya nan bakin ƙofa, jakar nan ba ta shiga sai an bincika."

Ranar Asabar ce, ƙarfe goma da kwata na safe. Malam Ɗantani baduku yana zaune a kan buzu a zauren gidansa na Wuro Hausa. Mai tsayuwa a bakin ƙofa kuwa jikarsa ce Naziha, 'yar ɗansa Sadiƙ, wadda ke haɗa humra da turaren wuta tana sayarwa a Jimeta. Tun tana rarrafe yake kiranta amarya, ita kuma tun da ta iya magana take neman saki.

Kwana tara ke nan da ta aiko masa da wata 'yar kwalba ta hannun mai keke, ta biyo da saƙon murya a waya cewa maganin ciwon kai ne. Ya saurari saƙon sau ɗaya, ya zuba ɗigo uku a shayi, ya kurɓa. Bakinsa ya yi sanyi ya yi zafi lokaci guda, hawaye suka zubo, ya furzar, ya wuni yana kakari. Cikin fushi ya kira ta ya wanke ta tas. Yana ajiye wayar ya gane ya yi wauta, domin tun Babbar Sallah Sadiƙ ya faɗa a gaban kowa cewa in aka sake samun tsautsayi a gidan nan zai kwashe tsohon ya koma da shi wurinsa a unguwar Damilu, har an yi wa ɗaki fenti. Shi kuwa a gidan nan aka yanke masa cibiya, a nan aka yanke ta ubansa.

Kowa ya san kunnensa na hagu ya mutu tun shekarar da bam ya tashi a kasuwar Jimeta, layi biyu da rumfarsa, kuma tun ranar ciwon kan yake zuwa yana tafiya. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne na daman ma ya fara ja da baya tun damina. Saboda haka dole laifin shayin ya zauna a kan Naziha. Dole kuma ya gano ko don kanta ta zo, ko idon ubanta ne ya yafa mayafi.

"Juye ta a tabarma, ɗaya bayan ɗaya."

"Ko a shingen sojoji ba a yi mini haka ba."

"Sojoji ba su san ki ba."

Ta tsuguna ta fara fitar da kaya. Ya gyara zama ya ba ta gefen dama, kamar mai gudun rana, idonsa a kan leɓenta.

"Man kwakwa."

"Na ga man kwakwa. Wa ya aiko ki?"

"Tausayi."

"Tausayin nan yana da farar mota, yana zaune a Damilu?"

"A keke ya zo, an matse shi da buhun albasa tun daga Jimeta. Wannan man na'a-na'a ne, wannan na ganyen turare, wannan na kanumfari."

"Uku. Wancan karon ɗaya kika aiko bai kashe ni ba, shi ne kika ƙaro runduna."

"Duk suna cikin wancan. Kai ne dai ba ka da saurin mutuwa."

Ta kwance wani ƙullin leda. A ciki akwai waɗansu abubuwa farare, sirara, masu ƙyalli. Ƙamshinsu ya bugi hancinsa tun daga inda yake, harshensa ya tuna da shayin nan. Ya ja da baya.

"Gilashi kika daka mini?"

"Mentol ne, Kaka. Shi ne mai sanyin. Wurin Madam Nneoma na saya, layin masu kayan sabulu."

"Ta san tsoho za ki kashe da shi?"

"Ta san labarinka. Ta ce, ‘Gaya ma Baba, dis one no be sugar.’"

Ya ɗago kai da sauri. In labari ya kai layin masu sabulu, Damilu nan ce kusa.

"Wa da wa kika gaya wa?"

"Ita kaɗai, don in tambaye ta ko ɗigo uku na iya yin lahani. Ta ce tun da ka tofar ka tsira, amma kada a kuma. Ban faɗi sunanka ba, cewa na yi wani tsohon mijina ne mara jin magana."

"Ina jin magana sarai. Cewa kika yi in sha."

"Cewa na yi ka shafa, ka shaƙa."

"Ka sha, ka sha. Ga shi kin maimaita har sau biyu, a gabana."

Ya faɗa da dariya a fuska, amma gaskiyar ita ce haka ya ji. Wata huɗu ke nan kalmomi na iso masa babu wutsiya, kamar an bi su da almakashi. Naziha ta dube shi, ta ɗan daɗe tana dubansa fiye da yadda wasa ke buƙata. Sannan ta ɗaga murya kaɗan, ta ware baki.

"Sha-ƙa. Da hanci."

"Ni zan shaƙa? Ni da na kori 'yan shaƙe-shaƙe daga bayan masallaci da sanda? A gan ni a sahun gaba da kwalba a hanci, liman ya juyo?"

"Sai ka ce amaryarka ce ta koya maka."

"Zai yarda kuwa. Kowa ya san gidan da kika fito."

"Gidanka na fito, ai."

Ta shiga ciki ta ɗauko risho da ƙaramar tukunya. Ya hana ta yin aikin a madafa, ya ce a nan za a yi, inda ido ke gani. Ta ɗora ruwa, ta saka kofin silba a tsakiyar ruwan, ta auna man kwakwa babban cokali huɗu ta zuba a kofin. Ya ƙirga tare da ita da yatsa.

"Me ya sa ba ki ɗora kofin a wuta kai tsaye ba?"

"Zai ƙone. Zafin ruwa ya ishe shi."

"Ko dai don kada guba ta gudu."

"Ita ma tana son a lallaɓa ta."

Daga nan ta zaro wani dunƙule rawaya daga gefen jaka, wanda ba ta fitar ba lokacin bincike, ta kankare cokali ɗaya da wuƙa ta zuba. Malam Ɗantani bai tambayi sunansa ba. Shekara hamsin yana goga wa zaren ɗinki kakin zuma, ko cikin duhu zai gane shi. Ya kuma san halinsa: duk abin da kaki ya shiga, in ya huce, daskarewa yake yi.

"A na farko babu kaki," in ji shi.

"Babu."

"Na farko ruwa ne, a kwalba."

"Haka ne."

"Wannan kuma zai daskare. Ba ya ɗiga, ba ya shiga shayi."

Naziha ta ci gaba da juyawa da tsinke, ba ta ɗago ba. Kakin ya narke ya ɓace cikin man. Ta sauke kofin, ta jira ya ɗan sha iska, ta zuba mentol rabin ƙaramin cokali tana juyawa har ƙyallin ya ƙare. Ta ɗiga na'a-na'a goma, ganyen turare shida, kanumfari biyu. Zauren ya cika da wani sanyi mai shiga ido. Wannan karon tsohon bai ƙirga ba. Tunani yake yi: wanda ya yarda kuskuren bakinsa ne, baki yake gyarawa. Wanda ya canza maganin gaba ɗaya ya san kuskuren a wani wuri yake.

Ta juye haɗin a ɗan gwangwani mai murfi, ta ɗora a kan randa.

"Minti goma sha biyar," ta ce. "Kafin nan ga abin sauraro."

"Ba na jin waƙoƙinku."

"Ba waƙa ba ce, muryar amaryarka ce."

Ta zagayo ta gefen damansa ba tare da ya nuna mata ba, ta ƙure ƙarar wayar, ta manna masa a kunne. Ya ji muryarta ta kwana tara da suka wuce, a hankali, dalla-dalla: "Kaka, ka shafa kaɗan a gefen goshi, ka shaƙa daga nesa. Kada ka sha. Ka ji? Kada ka sha."

Ya ture wayar.

"An ba ta cin hanci."

"Wayar?"

"Ke kike saka mata caji, me za ta faɗa in ba naki ba?"

"To a kira taka ta ba da shaida. Saƙon yana ciki."

"Tawa ba ta shiga rigimar mata."

Ba ta yi dariya ba. Shi ma da ya nemi tasa dariyar sai ya tarar ta ƙare. Wani mai tallan gawayi ya wuce ta ƙofar gida, ya ga bakinsa yana motsi, kiran kuwa kamar daga ƙetaren Binuwai.

"Sadiƙ ya sani?"

"Bai sani ba."

"Shi ya aiko ki?"

"Ya ce in na zo in duba masa lafiyarka. Kullum haka yake cewa. Na ce to."

"Ashe dai 'yar leƙen asiri na aura."

"Tun da daɗewa. Yau ka sani?"

"Me za ki gaya masa?"

Ta zauna a bakin tabarma, ta fuskance shi sosai yadda zai ga bakinta.

"Ba zan yi wa babana ƙarya ba, Kaka. Amma magana biyu ce a hannuna, duka gaskiya. Ta farko: Kaka ya sha man shafawa ya ɓoye. In na faɗi wannan, gobe da hantsi farar motar nan tana ƙofar gida. Ta biyu: Kaka ya kira ni da kansa ya ce kunnensa na dama ya fara rauni, in raka shi asibiti ranar Litinin a duba, a auna jininsa kuma, don ciwon kan nan ya yi yawa. Mai faɗin haka ba a kwashe shi kamar kaya. Mutum ne da ya san abin da yake ciki."

"Ni ban kira ki ba."

"Kira ni yanzu. Ga ni kusa."

"In likita ya ce kunnen ya tafi fa?"

"Akwai abin da ake sakawa. In ya ce ba ka iya zama kai kaɗai, lokacin sai mu yi faɗan, ni ina gefenka. Amma ba zan tsaya gefen mai shan man shafawa ba."

Ya shiga neman inda tarkon yake. Ya juya maganar ta ko'ina, kamar fatar da ake son saye, bai sami huji ba. Wannan ya ƙara ba shi haushi.

"Ɗauko gubar."

Haɗin ya daskare, fari sol, sumul. Ya sa ta fara shafawa a nata hannun, ya jira ya ga ko za ta faɗi. Da ba ta faɗi ba, ya miƙa wuyan hannunsa aka ɗan taɓa, aka jira ko fatar za ta yi ja. Sannan ta lakato kamar ƙwayar gero ta murza masa a gefen goshi, dama da hagu.

"Nesa da ido. In ka shafa ka wanke hannu. Kada ka ba yara, kada ka sa a hanci, daga nesa ake shaƙa."

"Kada in sha."

"Ka ji wannan."

"Kina ihu kamar mai tallan kifi, ina zan ƙi ji?"

Sanyi ya ratsa masa goshi ya gangara ƙeya. Ciwon bai tafi ba, amma ya matsa gefe ya zauna. Ya lumshe ido ya buɗe da sauri, kada ta ga ya ji daɗi.

"Babu abin da ya yi."

"Na ga alama. Kawo in kai wa mai so."

Ya cusa gwangwanin ƙarƙashin buzu ya danne da cinya. Ya yi gyaran murya, ya dubi bango.

"Naziha."

"Na'am."

"Kunnena na dama ya fara rauni. Ki raka ni asibiti ranar Litinin."

"Me ka ce? Ban ji ba."

"Allah ya shirye ki."

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya laluba aljihun rigarsa ya fito da makullai biyu a zaren fata, ya warware kullin da haƙori, ya cire ɗaya ya jefa mata a cinya.

"Na ƙofar gida ne. In kin zo Litinin kin ƙwanƙwasa ban ji ba, ki buɗe ki shigo."

Ta riƙe makullin a tafin hannu.

"Amma ki sani," in ji shi, "na ƙirga kajina."