Yadda Za Ki Hana Albasa Gaje Miki Ɗaki

Ranar wata Talata ina wanke shinkafa motar kamfanin dam ta tsaya a ƙofar gidanmu, mutum biyu suka sauko riƙe da hular maigidana. Ɗantani mai fenti ake ce masa. Ni ban taɓa kiran sunan ba sai yau a takarda. Daga tsani ya faɗo a wurin aiki. Ba a yi sadakar arba'in ba sai ga wansa, Yaya Hamidu, yana auna ɗakina da taki. Wai tunda ba mu haihu ba, in na fita takaba nan zai zuba albasarsa, ni in koma wurin iyayena a Bakura. Ruwan dam ya riga ya ci mini ɗaki ɗaya a ƙasar Maradun. Na ce albasa ba za ta ci na biyu ba.

Aji uku na yi a makaranta, amma in kin bi matakan nan na ba ki tabbaci, ko tafarnuwa ba za ta kwana a ɗakinki ba.

Mataki na ɗaya: Ki auri mai fenti

In kin riga kin auri manomi, ki yi haƙuri, sai dai ki karanta don ilimi. Gidajen da aka ba mu bayan an tashe mu duk siminti ne ruwan toka, har tsofaffi na shiga gidan da ba nasu ba. Nawa mijin sai ya riƙa kwaso ragowar fenti a gindin gwangwani. Bango ɗaya ya sha rawayar katafila. Ɗaya jan bututu. Ɗaya shuɗin ƙofar ruwa. Kada ki yi tsegumi. Ni na yi, shekara biyu, yanzu ina nema a yafe mini.

Mataki na biyu: Ki san halin kowane launi

Ja mai matsowa ne, yana jawo bango kusa da ke. Shuɗi mai ja da baya ne, ɗaki kan yi faɗi, zuciya ta yi sanyi. Rawaya ba ta iya shiru ba, kamar uwar ango. In kin haɗa rawaya da shuɗi, kore za su haifa. In kin haɗa duka ukun, za ki sami miyar kuka da ta kwana biyu. Bangonmu na huɗu ke nan. Gado na jingina masa.

Mataki na uku: Ki zaunar da baƙo inda ya dace

Ki kira wan mijin da azahar. Ki shimfiɗa tabarma ya fuskanci jan bango, ki rufe taga, ki kawo kunu mai citta da zafinsa. Sai ki jira.

Yaya Hamidu ya cire hula yana fifita. Ya ce, "Ke Taibatu, ɗakin ga kullum haka yake?"

Na ce, "Yau ma da sauƙi, Yaya. Jan ne. Tumatur na aje jiya, da safe na iske miya."

Ya ce, "To ke mi ya hana ki dahuwa?"

Na ce, "Shuɗin nike kallo."

Mataki na huɗu: Ki nemi shaida mai tabarau

Maganar macen da ke takaba ba ta da nauyi. Ki samo wadda ta yi boko. Tawa Selina ce, matar malamin gona a Mafara, wadda nake yi wa kitso. Ta zo gaisuwa, ta duba bango ta saman tabarau, ta ce masa, "Baba, a littafi ma haka yake. Albasa ba ta shiri da rawaya, tsiro take yi."

Ya ce, "Wane littahi?"

Ta ce, "Babban."

Mai ilimi ba ya faɗin sunan littafi. Ki riƙe wannan.

Mataki na biyar: In ya ce zai shafe da farar ƙasa, ki ɗebo masa ruwa

Har tsintsiya ki ba shi. Farar ƙasa ba ta kama fentin mai, maigidana ya sha faɗa mini. Kwana shida ta fara zubowa kamar amosanin ka, jan ya leƙo yana kallon kowa. Kada ki yi dariya a gabansa. Akwai bayan gida.

Mataki na shida: In ya dawo da ƙarfen kankare fenti

Nan ilimina ya ƙare. Ya zo da safe, ya ce daga bayan ƙofa zai fara. Da ya tura ƙofar sai ya ga abin da ke wurin: shafe-shafen kore guda bakwai a jere, kowane kamar tafin hannu, babu biyu iri ɗaya.

Ya ce, "Wannan hwa?"

Na ce masa ƙanensa ne ke gwaji. Koren shinkafar fadamar babansu yake nema, wadda yanzu ke ƙarƙashin ruwa. Maigidana ya ce in ya dace da shi, da shi zai gyara bango na huɗu.

Yaya Hamidu ya tsuguna. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya. Can ya sa yatsa a kan ɗaya, ya ce, "Wanga ne. Na biyar. Ya dace da shi, bai sani ba."

Ya ajiye ƙarfen a ƙasa ya fita, ko sallama bai yi ba. Da sati ya zagayo ya kafa wa albasarsa rumfa a bayan gida. Abin da za ki yi a wannan mataki shi ne ki kama bakinki.

Jan kunne

In kin bi matakan nan aka kore ki, ko baƙonki ya suma, ko kika zauna da bango mai kamar miyar kuka har ƙarshen rayuwa, ba ruwana, ba ruwan Selina. Kada ki zo mini da hantsi ma, ba zan saurare ki ba. Lokacin nake tura ƙofa in share ƙurar koren nan da bakin zanena. Duka bakwai nake sharewa. Yaya ya ce na biyar, amma mai fentin bai faɗi nasa ba.