Janar da Ƙofar Gwaji

Duk tsawon titin Grand Concourse na unguwar Bronx babu wanda ya san yaƙi kamar Alhaji Muniru. Kai, ko a Kumasi da ya baro sai an tona. Kakansa ya je yaƙin Bama na zamanin Turawa, shi kuma shekara goma sha tara yana gadin wani shagon magani da yunifom mai tauraro a kafaɗa. In wannan ba soja ba ne, to wane ne soja? Mu 'yan Zango muna kiransa Janar, yana amsawa da ƙarfi, bai taɓa tambayar dalili ba.

Sai kujerar Sarkin Yaƙin Zangon Bronx ta zama babu kowa, mai ita ya tattara ya koma gida. Mu dai ba doki gare mu ba, abokin gaba kuwa in ka cire mai gidan haya babu shi, amma sarauta ai ba a barinta haka. Janar ya ƙwallafa rai a kanta, har cin abincinsa ya ragu zuwa sau uku a rana. Matsalar ita ce Kadri mai tasi ma yana so, kuma shi ya yi soja na gaske a Tamale.

Don a rufe magana, Janar ya gayyaci Sarkin Zango, Alhaji Mu'awiya, da dattawa har da Kadri, zuwa bakin kogi a Manhattan, inda aka mayar da wani tsohon jirgin ruwan yaƙi gidan kallo. Ya yi sallama da maƙwabta kamar mai tafiya Hajji. Ya ɗora babbar rigar shadda da ta sha sitaci har tana iya tsayuwa ita kaɗai. Matarsa, Hajiya Afua, ta biyo shi da kular wake da shinkafa.

Tun a cikin jirgin ƙasa aka fara karatu. Da ya ga kare sanye da takalma sai ya ce, "Ku duba, jama'a. Ƙasar da karenta ke sa takalmi ba a cinta da yaƙi." Muka gyaɗa kai. A saman jirgin ruwan ya shafa fiffiken wani jirgin sama, ya ce, "Irin wannan kakana ya kusa harbowa." Ya tsaya gaban wani ƙaton ƙarfe ya yi mana bayanin yadda yake aman wuta, har sai da Kadri ya karanta allon da ke gefe, ya ce anga ce ta tsayar da jirgi. Janar ya ce ai dama gwada mu yake yi.

Aka zo kan wani jirgin yaƙin kuma, mai nutsewa ƙarƙashin ruwa, da aka ajiye a gefe. A bakin layi an kafa ƙofar gwaji, 'yar ƙarama, daidai da ƙofofin cikin jirgin. Ma'aikaciyar wurin ta ce wanda bai iya wuce ta ba, ba zai shiga ba.

"Jinin Bama ne a jikina," in ji Janar. "Ranka ya daɗe, a ba ni hanya."

Ya tura ƙafa, ya tura kai. Kafaɗu suka wuce da ƙyar. Sai tumbi da shadda suka haɗa kai suka ce a nan za su kwana. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Hula ta faɗi can ɗaya ɓangaren, wata tsohuwar Baturiya ta ɗauka tana riƙe masa cikin ladabi. Wallahi kunya ta kama mu har tafin ƙafa.

"Alhaji, ka saki numfashi mana," in ji Hajiya Afua. Ta kama rigar ta baya ta fizga, shadda ta ce ƙyat, Janar ya dawo duniya a zaune.

Sarki ya dubi ƙofar, ya dubi nasa tumbin, ya tuna gwiwarsa na ciwo. Kadri, sojan gaske, wanda shekara ashirin a kujerar tasi ta ninka shi biyu, ya ce fitsari ya matse shi. Mu sauran muka dukufa kallon kogi. Hajiya Afua ta ajiye kula, ta gyara ɗaurin zane, ta wuce sumul, ta shiga jirgin ta gama kallonta ta fito.

A hanyar komawa dattawa suka yi shawara a gurguje. In aka hana Janar rawani, bakinsa ba zai yi shiru ba, duk Bronx sai ta ji cewa shi kaɗai ya yi ƙarfin halin tura kai. Aka ba shi sarauta baki ɗaya, har da hannun Kadri.

Ranar naɗi ya yi jawabin awa guda kan abin da idonsa ya gani a cikin jirgin ƙarƙashin ruwa: duhu, zafi, gadajen sojoji a jere kamar kantar shago. Jama'a na ta kabbara. Sai wani baƙo ya ɗaga murya ya tambaya gado nawa aka jera a kan juna. Sarkin Yaƙi ya yi gyaran murya, ya gyara rawani, ya saci kallon ɓangaren mata. Hajiya Afua tana zuba wa mutane shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba, ta miƙa masa yatsu uku.